Bokitin da Bai San Sabulu Ba

Tun da na fara sa hotunan kifina a waya na rasa sukuni. Kullum sai wani ya turo saƙo: "Sista Memuna, koya mini, wata mai zuwa nake so in fara." Wata yarinya ma cewa ta yi, "Ai ba wuya, ruwa ne da kifi, kuma da kansu suke haihuwa." Gaskiyarta, da kansu suke haihuwa. Da kansu kuma suke juyowa su cinye abin da suka haifa kafin ki gama ɗaura ɗankwali. Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Ga shi na rubuta. Wanda ya kasa karantawa har ƙarshe kada ya zo ƙofata, don ba zai iya jiran kifi ba.

Kifin da nake kiwo ba na miya ba ne, kada a sake tambayata ko ana soya su. Gupi ne, ɗan kifin da bai kai ƙaramin yatsana ba. Namijin ne mai ado, wutsiyarsa kamar an baza zane. Macen toka-toka ce, ba wanda zai kalle ta sau biyu. Ba sa zuba ƙwai kamar sauran kifaye. Ciki macen take ɗauka, bayan kamar mako huɗu ta sauke 'ya'ya masu rai, suna faɗowa suna iyo. Ina da moli da filati, su ma haka suke haihuwa, amma gupi ne aikina. Shekara tara ke nan ina yi, a wata rumfar kwano bayan ɗakin Mma, mahaifiyata, a gidan hayarmu na Maamobi.

Aikin farko da maigidana na sana'a ya ba ni shi ne ɗaukar ruwa. Baba Hamidu sunansa, mutumin Nijar, mai yankan gilashin taga a Sabon Zongo. Da ragowar gilashi yake haɗa tankunan kifi a bayan shagonsa. Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, sai Mma ta aike ni wurinsa in karɓo gilashin tagarmu da ya fashe. Na leƙa bayan shago, na ga abin da na gani, na manta da taga. Washegari na koma na ce ya koya mini. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini bokiti.

Wata huɗu na yi ban taɓa kifi ba. Daga famfo zuwa duro, daga duro zuwa tanki. Ruwan famfo ba a zuba wa kifi kai tsaye, akwai maganin da ake sa masa, sai ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro maganin ya fita. Kuma kafin ruwa ya shiga bokiti sai ka sa kanka a ciki ka shinshina. Kowane lokaci. Ko kai ka ajiye shi da hannunka minti biyar da suka wuce. Bokitin kifi bai san sabulu ba, gishiri da tafin hannu da rana ne wankinsa. Ɗigon sabulun da bai isa wanke cokali ba ya isa ya ƙona wa kifi abin numfashi.

Na ce, "Baba, ni fa kifi na zo koyo, ba shinshina ba."

Ya ce, "Ba kifi muke kiwo ba, 'yata, ruwa muke kiwo. Kifi baƙo ne a ciki."

A wata na biyar ya zaunar da ni gaban kwanon 'ya'yan kifi masu mako uku, ya ce in raba maza da mata. A wannan lokacin duk kamarsu ɗaya, ba launi, ba wutsiya. Fiffiken ƙasan ciki ake dubawa: na namiji yana tsukewa ya yi tsini kamar allura, na mace a buɗe yake kamar mafici. Na yi ta kuskure, yana ta mayar mini da su. Ya ce, "Ku 'yan Nima da Maamobi, mace da namiji duk 'shi' kuke ce musu a magana, yaya za ku bambanta su a ruwa?" Na ce masa ai Hausarmu ta gari ce, tasa ta rediyo. Ya yi dariya, ya ƙara mini wani kwanon. Dalilin rabawar shi ne, in ka bar su tare, wanda ya fi muni da sauri shi zai riga kowa kaiwa ga mata, kafin shekara kifinka sun koma na kwata.

Yana da wani iri nasa da yake kira Jan Mayafi. Wutsiya ja zur, mai faɗi, da baƙin layi siriri a gefenta kamar an yi wa mayafi kalmasa. Tun ina goye yake zaɓensu, uba mafi kyau da uwa mafi ƙarfi, haihuwa bayan haihuwa. Dokokinsa a kansu biyu ne. Ba a sayar da macen Jan Mayafi ko nawa aka taya, maza kawai, su ma masu daraja ta biyu. Sannan iyayen iri, wato mazan da aka ware don haihuwa, ba sa zama a ruwa ɗaya da sauran maza. In wani abu ya sami tanki ɗaya, ɗayan yana nan.

Shekarata uku a hannunsa sai yanar ido ta rufe masa gani. Ranar da ya kamo mace ya ce namiji ne, ya ajiye raga bai sake ɗauka ba. Muka ɗauki tasi muka kwashe komai zuwa Maamobi. Bai bar wa kansa ko ɗaya ba. Ya ce, "Abin da ba na gani ba zan riƙe shi in lalata ba."

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu mai tsada a ciki. Raga biyu, ɗaya ta masu lafiya, ɗaya ta marasa lafiya, ba sa haɗuwa. Tiyo siriri na zuƙe kashi daga ƙasan tanki, da baki ake ja, kuma wallahi sai kun sha ruwan kifi kafin ku iya. Injin iska ƙarami, wanda in an ɗauke wuta ludayi ne madadinsa, ki ɗebo ki zubo daga sama har hannu ya sage. Ciyawar ruwa mai yawa inda jarirai za su ɓuya. Abincin manya garin busasshen kifi ne da na saye, na jarirai gwaiduwar dafaffen ƙwai, abin da zai maƙale a kan tsinken sakace, ba ƙari. Sai duro, sai bokiti. Nawa shuɗi ne, na Baba ne ya ba ni tare da kifin. Cikinsa ya yi kore-kore, duk wanda ya gani sai ya ce ƙazanta ce.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙurin da ni ban da shi. Wani mai aski a Nima na haɗa masa tanki mai kyau, bayan mako biyu ya kira ni wai kifina ba su da ƙwari. Na je na tarar da ɓarɓashin burodi yana yawo a ruwa, ruwan ya koma kamar koko. Duk wanda ya zo aski sai ya jefa musu abin da yake ci. Na ce masa, "Chale, ba kifina ne ba su da ƙwari ba, kwastomominka ne ba su da hankali." Ya yi fushi na wata ɗaya, ya dawo.

Wanda ba na mantawa wani malamin makarantar allo ne, dattijo, ya zo da kansa yana so ya sa wa jikokinsa a falo. Ya ce mata zalla zan ba shi, ba ya son hayayyafa. Na ba shi mata huɗu daga cikin gama-gari. Bayan wata biyu sai ga shi da sassafe, carbi a hannu.

"Memuna, kin tabbata mata kika ba ni?"

"Mata ne, Malam."

"To sun haihu. Na ce ko da cikinsu suka zo. Jiya sun sake haihuwa, babu namiji a gidan nan sai ni."

Na yi masa bayani kamar yadda Baba ya yi mini: macen gupi in ta haɗu da namiji sau ɗaya, tana ajiye irinsa a jikinta, ta haihu da shi sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye, ko namijin ya daɗe da barin duniya. Malam ya ce, "Ikon Allah," ya nemi ƙarin tanki.

Yanzu ga shekarar da nake so ku ji, shekarata ta biyu ni kaɗai.

Babbar Sallah ta zo, kuma lokacin ciniki ne, yara da kuɗin barka da Sallah, iyaye da baƙi a falo. Na ga damata. Ana gobe Sallah na kwashe duk mazan Jan Mayafi na zuba a babban tanki na gaba, don mai shigowa ya ga ja ya cika masa ido. Har iyayen iri guda biyu na haɗa, don su ne suka fi kyau a bidiyo. Na san dokar Baba. Na ce kwana uku ne kawai.

Gidanmu ɗaki goma sha huɗu ne, kuma saniya muke haɗuwa mu yanka. Wanda ya san gidan haya ranar layya ya san babu bokiti, babu baho, babu roba da take da mai ita. Komai na kowa ne har a gama wanke kayan ciki. Ga shi famfo ya yi kwana huɗu bai kawo ba. Ni na tafi gaishe-gaishe. Hajiya Lami, maƙwabciyarmu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, ta nemi abin zuba tumbi ta rasa, ta leƙa rumfata ta ɗauki shuɗin bokiti. Hajiya mace ce da ake misali da tsabtarta a unguwa. Da ta gama, ta dirje shi da garin sabulu, ta bi da bilic, ta kankare koren nan tas, ta ɗauraye da ɗan ruwan da ya rage mata, ta kife shi daidai inda ta ɗauka. Har da kwanon soyayyen nama ta kai wa Mma na godiya, don ba a mayar da abin aro hannu wayam.

Washegari da hantsi na zo canza ruwa. Duro ya kusa ƙarewa, mutanen gida sun ɗiba. Na karkata shi, bokiti biyu kacal na samu. Na ce na maza ne, su ake zuwa gani, mata su jira famfo. Na ga bokitin yana ƙyalli. Idona ya gani, kaina bai tambaya ba. Ban shinshina ba. Da na zuba na ga 'yar kumfa a saman ruwa, na ce ƙarfin zubawa ne, na fita tarar wasu yara masu saye.

Kafin azahar duk sun taso sama suna haki, wutsiyoyi a tsuke. Na kwashe su, to in sa su a ina? Babu ruwan da ya kwana a gidan. Na sayo ruwan leda na yi ta fasawa a baho. Kafin la'asar na ƙirga gawa arba'in da uku a kan murfin duro, har da iyayen iri biyu. A lokacin ne na sa kaina a bokiti, na ji warin asibiti.

Ban yi sallama a ƙofar Hajiya ba. Na ce, "Wa ya ce ki taɓa mini bokiti?"

Tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba. "Bokitin da na samu kamar an jiƙa ganye a ciki? Ai godiya za ki yi mini."

"Kin kashe mini kifi, Hajiya! Duka!"

Ta ajiye wuƙa. "Ke Memuna, in ari abin mutum in mayar masa da warin tumbi? Uwata ba ta koya mini haka ba. Ke taki ta koya miki shiga ɗakin manya ba sallama?"

Mma ce ta ja ni da gyale ta mayar da ni ɗaki. Ta ce in na ƙara kalma ɗaya, da ni da tankunan za mu kwana a titi.

Kwana biyu na yi ina zaga waɗanda na taɓa sayar wa mazan Jan Mayafi, ko zan sami ɗaya in sayo. Na mai aski burodi ya gama da su. Na wani kantin magani ya tsufa, bayansa ya lanƙwashe, ko iyo da ƙyar. Na uku mai shi ya ba wani ɗan'uwansa a Kumasi. Sai na hau trotro, motar haya, zuwa Sabon Zongo. Na sami Baba a kan benci ƙofar shago, ɗansa ne ke yankan gilashi yanzu. Na faɗa masa komai, na fi nauyaya wajen Hajiya.

Ya ce, "Hajiya ta yi abin da aka koya mata. Ke kin yi abin da aka koya miki?"

Bai jira amsata ba.

"Iyayen iri me ya kai su tankin kasuwa?"

Na ce don bidiyo ne, kwana uku kawai.

"To. Matan fa?"

"Suna nan. Ruwa bai isa in canza musu ba."

"Nawa suka ga namiji?"

Matan duka goma sha ɗaya ne, tara 'yan mata da na ware ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, biyu kuma na sa su da babban uban iri mako biyu kafin Sallah. Ina faɗa na tuna da Malam da carbinsa.

Baba ya ce, "Ashe mazanki ba su mutu duka ba, suna cikin matan nan biyu. Ki koma. Kada wani namiji ya shiga ruwansu, ko na zinariya ne. In sabo ya shiga, nasa ne zai hau gaba, aikin shekara ashirin ya zama kifin kwata."

Ɗaya daga cikin biyun ba ta kai ba. Cikinta ya kumbura, ta daina ci, na tarar da ita a ƙasan tanki. Saura ɗaya, babba, mai ɗan yagewa a wutsiya. Ana gane haihuwa ta kusa in baƙin tabon da ke ƙasan cikinta ya yi duhu, cikin ya yi kusurwa kamar akwati. Na duba na ce saura kwana uku, na tafi wanke tankin wani otal. Na dawo na same ta siririya, tana yawo hankali kwance. Ta haihu, ta bi su ta cinye. Na tsefe ciyawa da yatsa na sami huɗu. Na raine su kamar ƙwai a cokali. Da suka kai mako uku na duba fiffikensu a rana, na sake dubawa. Mafici, mafici, mafici, mafici. Duka mata.

A makon ne Kwesi ya zo. Kwesi yana sayar da kifin ado a bakin titi wajen Circle, ya daɗe yana neman macen Jan Mayafi ina hana shi. Ya zo da leda a hannu, namiji ja a ciki, mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma jan na lemo ne, kuma babu kalmasa.

Ya ce, "Sista, na ji abin da ya faru, kafra, sannu. Ga wannan kyauta. Ki ba ni mata uku kawai. Wata biyu kin cika tanki, wa zai gane bambanci?"

Na ce, "Ni."

"Ke za ki saya?"

"Kwesi, ɗauki ledarka, rana tana dukansa."

Ya ce taurin kai ba ya cika tanki. Na ce na ji. Mma tana bakin ƙofa tana jinmu, bayan ya tafi ta ce akwai wata ƙawarta mai ɗinki a Nima tana neman yarinya. Na ce ta ba ni wata uku. Moli da filati da wankin tankunan mutane suka riƙe ni. Babban tankin gaba na wanke shi da gishiri sau biyar, na shanya, na bar shi wayam. Duk mai shigowa sai ya tambaya ina jajayen, in ce suna hanya.

Uwar nan mai yagewa a wutsiya kuwa, ba namiji, ba komai, cikinta ya sake tasowa. Wannan karon na ƙirga kwana a bango da alli. Abin da nake bukata shi ne kwandon roba mai ƙananan huji, in rataya shi a cikin tanki in sa ta ciki, 'ya'yan su riƙa zurarewa ta hujin zuwa inda bakinta ba zai kai ba. Nawa hujinsa ya yi faɗi, tana iya fita. Ina cikin faɗa wa Mma a tsakar gida, ashe Hajiya Lami tana ji. Mun yi wata ɗaya da rabi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Washegari sai ga ta a bakin rumfa da sabon kwando irin wanda take tsane taliyar waakye, yana cikin ledarsa.

Ta ce, "Ga shi. Daga kasuwa, ban wanke ba. Allah ya sani raina bai so ba."

Na karɓa, na buɗe, na sa hanci.

Ta ce, "Au, shinshinawa ma za ki yi? A gabana?"

Na ce, "Hajiya, ko Mma ce ta kawo."

Ta yi tsaki, ta leƙa tanki. "Wannan abar ce duk ake wa wannan hidima? Ko kyau ba ta da shi." Amma tun daga ranar, kullum da safe sai ta aiko mini da ɓallin gwaiduwa daga ƙwan waakyenta, a ganye, ba a kwano ba, don ta ce ba ta da kwanon da bai san sabulu ba.

Ranar ashirin da bakwai a allina ta faɗo ranar bikin wata ƙawata ta makaranta. Na yi anko, na ɗaura, na leƙa rumfa kafin in fita, na ga ta maƙale a kusurwar kwando tana karkarwa. Na jawo kujera. Daga ƙarfe tara har bayan azahar ina zaune da leshi a jikina, ina kallonsu suna faɗowa ɗaya-ɗaya, kowanne a naɗe kamar ƙwayar gero, ya buɗe, ya zurare ta huji. Goma sha bakwai. Tana gamawa na cire ta. Amarya ba ta yi mini magana ba har ta yi haihuwar fari.

Daga nan aiki ne kawai. Abinci sau huɗu a rana, kaɗan-kaɗan. Zuƙe ƙasan tanki kullum da tiyo mai tsumma a baki, kada ya ja jariri. Ruwa mai kwana biyu, a bokitin da na mayar da shi hayyacinsa da gishiri da rana. Biyu suka mutu a makon farko. A mako na uku na zauna da kwano a rana na raba: tara mafici, shida allura. Shida. Na raba su tanki biyu, uku-uku, ban sake haɗa su a ruwa ɗaya ba.

Launi ba ya zuwa da wuri. Wata biyu suna nan fari-fari, ja yana ɗan tasowa a gindin wutsiya kamar an ɗiga manja. Huɗu suka yi ja ba kalmasa. Ɗaya kalmasarsa ta tsaya a rabi. Na shida, wanda ya fi kowa ƙanƙanta, a wata na uku baƙin layin ya zagaye masa wutsiya daga sama har ƙasa.

Na sa shi a kwalba, na rungume a trotro har Sabon Zongo, ina harare duk wanda ya matso da gwiwar hannu. Baba ya karɓa, ya ɗaga wajen rana, ya kawo dab da idonsa, ya daɗe.

"Ja nake gani, sauran ki faɗa mini. Baƙin ya kai ƙarshe?"

"Ya kai, Baba."

"Bai tsinke a tsakiya ba?"

"Bai tsinke ba."

"Wutsiyar ta kai tsawon jikinsa?"

Na duba. "Saura kaɗan."

Ya miƙo mini kwalbar. "To saura kaɗan. Ki ba shi uku mafi ƙarfi cikin 'yan matan nan. A jikokinsa za ki samu. Tashi, kada ruwan ya yi zafi."

A jikokinsa na samu. Duk Jan Mayafin da kuke gani a wayata kuna cewa ba wuya, daga wannan ɗan ƙaramin suka fito, shi kuma daga uwar da na hana ruwa don ba ta da kyau.

Yanzu bokiti biyu ne a ƙofar rumfata. Ja, sabo, mai ƙyalli, na aro ne, duk Sallah Hajiya Lami tana ɗauka, ta dirje shi yadda ranta yake so, ta dawo da shi da nama. Shuɗin yana ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfen rumfa, cikinsa ya koma kore. Mai son koyo ya zo ranar Asabar da safe, ya bar wayarsa a aljihu. Zan ce ya ɗebo mini ruwa a duro, ba zan ƙara ko kalma ba. Hancinsa zan kalla.